Tsohuwar a-kori-kura ta ƙi tashi: a gyara na asali ko a sa na zamani?

Duk wanda ya riƙe tsohuwar a-kori-kura, ko Ford F-100 ce, ko Chevrolet C10, ko Dodge, ko Toyota Hilux ta farko-farko, ko Peugeot 404, ya san irin safiyar da zai murɗa makulli ya ji "ƙas" sau ɗaya, sai shiru. Wata rana kuma kik ya yi ta juya inji kamar ana niƙa, amma mota ta ƙi kamawa. A ranar masu ba da shawara ke yawa. Wannan ya ce a jefar da tsohon kik a sa ƙaramin nan na zamani mai giya a cikinsa. Wancan ya ce kwantak, wato ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa don a ba fulogi wuta, ya tsufa, a cire shi a sa ilektironik a huta. Shawarwari biyu ne na cututtuka biyu daban, kuma sau da yawa motar ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu. Don haka kafin mu auna tsoho da sabo, sai mun tabbatar ba jaki muka bari muna dukan taiki ba.

Tambayar farko mai sauƙi ce: injin yana juyawa ko ba ya juyawa? Idan ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar, maganar batir ce da manyan wayoyi da kik. Idan yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, ka ƙyale kik, ya yi nasa aikin. Maganar ta koma ta wuta a fulogi, ko ta mai.

Wanda ba ya juyawa, ɗauko mitar auna bolt. Batir mai bolt 12 da ya cika zai nuna kusan 12.6 idan ya huta. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Amma wannan awon bai isa ba, domin batir kan nuna lafiya yana zaune, ya faɗi da zarar an ɗora masa kaya. Sa wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita: bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Idan batir ya ci wannan jarrabawa, sai awon da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ya fi fallasa gaskiya. Ɗora waya ɗaya ta mita a kan batir na fozitif, ɗayar a kan babban notin kik, a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya. In ya wuce rabin bolt, wayar ko mahaɗinta ne ke shan wutar. Maimaita haka tsakanin kan batir na nagetif da jikin kik. Nan kuwa ko 0.3 ya yi yawa. Kik ɗin babban inji yana jan amfiya 150 zuwa 250, kuma ga irin wannan ja, ɗan koren tsatsa a ƙarƙashin robar waya ya isa ya shaƙe shi. Waya tana iya kyau a ido alhali cikinta ya zama gari. Motar da ta shekara hamsin kuma sau da yawa za ka tarar wayar da ke haɗa inji da firam ta tsinke tuntuni, ko wani ya yi fenti a inda ya kamata ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Masu mota mai bolt 6 su ƙara kula. Ford da Chevrolet ba su koma bolt 12 ba sai tsakiyar shekarun 1950, kuma Ford kafin 1956 fozitif ne ake haɗawa da jikin mota, ba nagetif ba. Tsarin bolt 6 yana buƙatar ninkin amfiya don ya yi aikin da na 12 ke yi, saboda haka wayoyinsa na asali masu kauri ne sosai. Wanda ya canza su da siraran wayoyin motar zamani ya yanke wa kik numfashi da hannunsa, sannan ya dawo yana cewa bolt 6 ba shi da ƙarfi.

Sautin ma yana magana. Ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ce ba ta isa ba. "Ƙas" guda mai ƙarfi sannan shiru, alhali fitilu ba su dushe ba, yawanci tagullar cikin solonoid ce, wato suwicin da ke sakar wa kik babbar wuta, ta ƙone, ko burushin kik sun cinye. Shiru gaba ɗaya, duba makullin kansa da siririyar wayar da ke zuwa solonoid, da kuma suwicin da ke hana mota mai giya otomatik tashi in ba a fakin ko furi take ba. Kik ya yi ta gudu shi kaɗai yana kuwwa ba tare da ya ɗauki inji ba, bendiks ne, wato abin da ke tura giyar kik ta kama inji, ya daina kamawa. Gurzawa kuwa haƙora ne, ko na bendiks ko na filawil, babban faifan nan mai haƙora da kik ke juyawa, ko kuma zaman kik ɗin ne bai daidaita ba.

Sai an bi duk wannan, laifi ya tabbata a kan kik, sannan zaɓi na farko ya taso.

Tsohon kik da ƙaramin mai giya

Tsohon kik abu ne mai sauƙin fahimta. Cadillac ce ta fito da kik na lantarki na Charles Kettering a 1912, kuma tsarin da aka zauna a kansa bayan nan bai canza sosai ba tsawon shekaru: amaca, wato sandar da ke juyawa, a tsakiya, naɗin waya kewaye da ita, burushi huɗu, bushin a gaba da baya, sai bendiks da ke tura ƙaramin giya cikin haƙoran filawil. Amaca na juya giyar kai tsaye, babu wani abu a tsakani. Nauyinsa kan kai kilo tara ko goma a manyan injinan Amurka, kuma wanda ya taɓa riƙe shi da hannu ɗaya yana kwance a ƙarƙashin mota yana neman ramin noti da ɗaya hannun ba ya buƙatar a tuna masa. Amma duk abin da ke cikinsa ana iya taɓawa. Burushi su cinye a canza. Bushin su buɗe, amaca ta fara gogar gefe, a canza. Wurin da burushi ke gogawa ya yi baƙi a goge. A solonoid na Delco, wanda ke kan Chevrolet, har akan juya faifan tagullar a yi amfani da ɗaya fuskar. A kik na Denso da ke kan Toyota da yawa, 'yan tagulla biyu ne a cikin solonoid ke cinyewa, a sauya su kik ya koma kamar sabo. Rewaya mai hannu zai gama wannan aikin a zama ɗaya. Abin da ke kashe tsohon kik da gaske shi ne amaca ta ƙone ko gidansa ya tsage.

Ƙaramin kik mai giya shi ma ba jiya aka haife shi ba, Chrysler ta fara sa irinsa tun 1962, shi ya sa tsofaffin Dodge ke da wani kuka nasu na daban in ana tayar da su. Dabararsa ita ce ƙaramin injin lantarki mai gudu sosai, sai giya ta rage gudun kusan sau huɗu ta mayar da shi ƙarfi. Yawancin na yanzu maganaɗisu ne a cikinsu maimakon naɗin waya. Nauyinsu bai kai rabin na tsohon ba, suna jan wuta kaɗan, kuma ƙanƙantarsu na nisanta su daga zafin salansa.

Wannan na ƙarshe shi ne babban dalilinsu. Akwai ciwon da masu Chevrolet mai injin V8, wato mai silinda takwas, suka sani: mota ta tashi lafiya da sanyi, a yi tafiya, a tsaya shan mai, a murɗa makulli ta ƙi, sai ta huce. GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta ɗora solonoid a kan kik ɗin kansa, dab da bututun hayaƙi. Zafi yana ƙara wa waya taurin kai, wutar da ke isowa ta tsohuwar siririyar waya ta makulli ta kasa jan solonoid. Ƙaramin kik yakan magance wannan. Amma ba shi kaɗai ba ne magani. Faifan kare zafi tsakanin kik da salansa, da ƙarin rile da zai kai wa solonoid wuta kai tsaye daga batir, su ma sukan kashe maganar. Ford tun asali ta ajiye nata rilen a gefen inji kusa da batir, nesa da zafi, shi ya sa wasu masu Chevrolet ke aron dabarar.

Inda ƙaramin kik ke ba da wahala shi ne wurin zama. Ƙaramin V8 na Chevrolet yana da filawil iri biyu, mai haƙora 153 da mai 168, kuma kik ɗin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗaya ba. Ko an samu wanda ya dace, sau da yawa sai an sa siraran faranti tsakaninsa da inji don haƙora su shiga daidai. In sun matse, kuka da maƙalewa. In sun yi sako-sako, gurzawa, kuma haƙoran filawil ne ke biyan bashin, wanda canza shi sai an sauke giyabos. Notocinsa ma na musamman ne, suna da ɗan kaushi a wuya da ke hana kik motsi, ba kowane noti ake tsinta a ɗaura ba. A Ford kuma akwai wani tarko: in aka bar tsohon rile aka haɗa babban notin sabon kik da ƙaraminsa da guntuwar waya, kik mai maganaɗisu yakan ci gaba da samar da wuta yana raguwar gudu, ya riƙe solonoid, giyar ta makara wajen fita bayan inji ya tashi. Sannan tsohuwar dabarar nan ta ɗan bugun kik da guduma in ya maƙale, wadda ke aiki a tsohon saboda tana girgiza burushi, a mai maganaɗisu tana iya fasa maganaɗisun ne kawai. Ga mai motar da fozitif ke jiki, a lura: tsohon kik mai naɗin waya bai damu da wane kai aka haɗa ba, gefe ɗaya yake juyawa, amma mai maganaɗisu in aka juya masa wuta baya zai juya.

Ni dai a wannan zaɓin ina bayan tsoho. In injin na asali ne, ba a ƙara masa matsi ba, ba a sa masa bututun hayaƙi masu wucewa ta jikin kik ba, to kik ɗin da kamfani ya sa ya isa, kuma gyararre mai sababbin wayoyi yakan ba mai shi mamaki. Ƙaramin mai giya na mai injin da aka ƙara wa ƙarfi ne, da wanda wuri ya yi wa ƙunci, da wanda tsohon nasa ya ƙone babu kayan gyara. Shi ma a nemi na kirki, domin marasa suna sun cika kasuwa, kuma in sun mutu ba a cika buɗe su ba, sai dai a sake saye.

Kwantak da ilektironik

Nan ne maganar ta fi daɗi, domin hujjojin kowane ɓangare masu ƙarfi ne.

Inji na juyawa bai kama ba. Zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, a murɗa makulli. Tartsatsi mai ƙarfi da ƙara, kwail da kwantak suna aiki, sai ka duba roto da murfi da wayoyin fulogi, ko ka koma wajen kafireto. Babu tartsatsi, ɗauko fitilar gwaji. Gefen fozitif na kwail ya kamata ya sami wuta in makulli na kunne, kuma lokacin da ake kik ma. Gefen nagetif kuwa fitilar ta riƙa ƙiftawa yayin da inji ke juyawa. In ta tsaya a kunne, kwantak ba ya rufewa ko bakinsa ya yi datti. In ta ƙi kamawa sam, ba ya buɗewa, ko kondensa, ɗan gwangwanin nan da ke aiki tare da kwantak, ta haɗe, ko wata waya ta taɓa jiki a cikin distiributa. Da fitila ɗaya da minti biyar ka gano inda ciwon yake. Wannan ita ce babbar falalar kwantak.

Akwai wata alama da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta sa mutane da yawa sun sayi abin da ba sa buƙata. Mota ta kama muddin kana riƙe da makulli a wurin kik, da ka saki ta mutu. Wannan ba kik ba ne, ba kwantak ba ne. Yawancin motocin bolt 12 masu kwantak suna rage wa kwail wuta ta hanyar rizisto don kada bakin kwantak ya ƙone, amma lokacin kik sai a tsallake riziston a ba kwail cikakkiyar wuta. A Dodge farin dutse ne ɗan ƙarami a bangon bayan inji. A GM da Ford waya ce ta musamman a cikin damin wayoyi. In riziston ya tsinke, mota na samun wuta ne kawai lokacin kik. Akasin haka ma na faruwa: wayar tsallaken, wadda ke fitowa daga notin R a solonoid na GM ko notin I a rilen Ford, ta yanke, sai mota ta riƙa wahalar tashi, wani lokaci ta kama daidai lokacin da ka saki makulli. Wannan ya shafi zaɓin kik ma, domin ƙananan kik da yawa ba su da notin R. Mutum ya sa sabon kik, ya rasa inda zai ɗaura wayar, ya naɗe ta ya ajiye, sai ya tarar inji na juyawa da sauri fiye da da amma ya fi wuyar kamawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Aibin kwantak shi ne ba ya zama inda aka ajiye shi. Ɗan robar da ke gogar sandar distiributa yana cinyewa, tazarar bakin ta ragu, taimin ya ja baya a hankali ba tare da ka lura ba, sai dai ka ga mota ta yi nauyi tana shan mai. Duk kilomita 15,000 zuwa 20,000 sai an canza shi ko an sake saiti. A V8 na Chevrolet tazarar sabon kwantak inci 0.019 ce, kuma kusurwar da yake zama a rufe digiri 28 zuwa 32. GM ma ta yi wata 'yar taga a murfin distiributa da ake zura makullin alan a saita inji na aiki, dabarar da har yau nake yaba wa wanda ya yi ta. A fara saita kwantak sannan taimin, domin duk motsin tazara yana motsa taimin. A shafa ɗan man giris a sandar, kaɗan ƙwarai. Wani abin kuma da ya ƙara wa masu kwantak ciwon kai shi ne ingancin kayan. Kamfanonin motar Amurka sun bar tsarin tun shekarun 1970, kuma kondensar da ake samu yanzu ba duka ke da amana ba. Wanda tsohuwar kondensarsa ke aiki, kada ya yi gaggawar jefar da ita don kawai sabuwa ta zo a kwali ɗaya da sabon kwantak.

Ilektironik ya kawar da gogayya gaba ɗaya. Babu bakin da ke buɗewa da rufewa, maganaɗisu ne ke ba modul, wato ɗan abin lantarkin da ya maye gurbin kwantak, labarin lokacin wuta. Chrysler ta sa shi a duk motocinta a 1973, GM ta bi da nata tsarin mai suna HEI a 1975, Ford ma ta koma a tsakiyar shekarun nan da abin da aka sani da Duraspark. Ana saita taimin sau ɗaya ya zauna. Tashin sanyi yakan fi sauƙi, fulogi su fi daɗewa. Amma kada wani ya yi maka alkawarin ƙarin doki. Kwantak da aka saita daidai da ilektironik, a injin a-kori-kura mai gudu a hankali, ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Bambancin da mutane ke ji bayan canji yawanci bambanci ne tsakanin kwantak da ya lalace da abin da ke aiki.

Hanya biyu ce ta shiga ilektironik. Ta farko ƙaramin modul ne, irin Pertronix, da ke zama a gurbin kwantak a cikin tsohuwar distiributa. Daga waje ba mai ganewa sai ƙarin waya ɗaya, abin da ke faranta ran mai son motarsa ta ci gaba da kama da ta asali. Sharuɗɗansa su ne kwail mai juriyar da kamfanin ya faɗa, da wutar da ta isa, da kuma kada a bar makulli a kunne inji na kashe, domin samfurin farko yakan ƙone a haka. Shi ma kwantak hakan na ƙona shi. Abin da modul ba zai gyara ba shi ne distiributar da ta tsufa. Cire murfi ka girgiza sandar gefe da gefe. In tana rawa, bushin sun tafi. Murɗa roto ka saki, in bai dawo da kansa ba, ƙarafan da ke tura taimin gaba sun daskare. Tsotsi tiyon gwangwanin bakum da ke gefen distiributa, in iska na wucewa, robar ciki ta fashe. Sa modul a irin wannan distiributa gyaran gangar Auzinawa ne.

Ta biyu ita ce a canza distiributar ɗungurungum, misali a sa HEI a Chevrolet. An samu sabuwar sanda, sabon komai, kwail a cikin murfi, waya ɗaya ta wuta. Amma wayar nan sai ta kawo cikakken bolt 12. Wanda ya ɗaura ta a tsohuwar waya mai rizisto zai sami motar da ke tashi amma tana tari in an taka. Murfinta babba ne, kuma a V8 na Chevrolet distiributa a bayan inji take, don haka a wasu tsofaffin motoci yana taɓa bango. Ana buɗe tazarar fulogi daga inci 0.035 zuwa wajen 0.045, a sa wayoyin fulogi da suka dace da sabon murfin. Modul ɗinta yana zaune ne a kan wani man da ke kwashe masa zafi, in aka manta da man ba ya daɗewa. Kuma siraran wayoyi biyu na ciki sukan karye saboda lanƙwasar da gwangwanin bakum ke yi musu kullum, mota ta riƙa mutuwa tana dawowa har mutum ya fara zargin aljanu.

A nan ainihin bambancin yake. Kwantak yana mutuwa a hankali, yana gargaɗi makonni kafin ya tsayar da kai, kuma ko ya tsayar da kai, sukudireba da ɗan abin goge baki sun isa su kai ka gida. Modul yana aiki shekaru ba a taɓa shi ba, ranar da zai mutu kuma babu sallama, babu abin da za ka goge ko ka murɗa.

Saboda haka amsar ta danganta da yadda kake hawan motar. Wadda ke fita kullum tana ɗaukar kaya, mai ita kuma ba ya son buɗe bonet duk bayan 'yan watanni, ilektironik ya fi mata, kuma in kuɗin canji ɗaya kawai ake da shi, wannan ya fi sabon kik amfani nesa ba kusa ba. Wadda ke fita jefi-jefi, kwantak ɗaya zai yi mata shekaru, babu dalilin taɓa shi, sai dai a riƙa goge bakinsa in ta daɗe a ajiye domin yakan yi tsatsa. Mai tafiya mai nisa inda kayan gyara ke wuya, ko dai ya zauna da kwantak, ko ya sa ƙaramin modul ya ajiye tsohon kwantak da kondensa da 'yan sukurorinsu a leda a cikin mota, domin mayar da su aikin rabin awa ne a gefen hanya. Mai HEI kuwa ya ajiye modul na biyu tare da ɗan mansa.

In za a yi canjin duka biyu, kada a yi su rana ɗaya. A fara da wayoyin batir, a hau motar kwana biyu. Sannan ɗaya, a hau. Sannan ɗayan. In wani abu ya ɓaci, ka san wanda ya ɓata shi. Duk lokacin da za a taɓa kik, a fara cire kan batir ɗin da ke haɗe da jikin mota, domin babbar wayar kik ba ta da fiyus, sifana ta taɓa ta da ƙarfe wuta ce nan take. Mota mai giyar hannu a tabbatar tana furi, an ja birkin hannu, an sa wa taya waigi kafin a haɗa notocin solonoid da sukudireba, don irin waɗannan tsofaffin ba su da abin da zai hana su tafiya a giya. Kuma kada a riƙe makulli a kik fiye da daƙiƙa goma sha biyar a jere, a ba shi lokaci ya huce kafin a sake.